Miyar Kuɓewa a Lagireto

Matso kusa, ɗan'uwa, ni ban iya ba da labari daga nesa ba. Gyara zama ka ji yadda aka yi ni Iro mai niƙa na Bauranya, wanda ko kasuwar Kankia na je la'asar ba ta iske ni can, na taka har bakin teku na dawo.

Garinmu ba mu da motar ɗaukar mara lafiya. In haihuwa ta gardama, sai amalanke ko babur. Da muka rasa matar maƙwabcina bisa amalanke a hanyar Kankia, gari ya ce ya isa haka nan. Manoma suka kawo hatsi, Fulanin rugage suka kawo maruƙa, aka sayar, aka ce a tafi Kwatano a sayo mota, don lokacin hanyar na buɗe. Direba dai ba a yi gardama ba, Ɗanlami ne, taubashina, ɗan ƙanwar babana. Da aka zo kan wanda zai raka shi, mai gari ya dube ni ya ce, "A haɗa shi da Iro. Shi dai ko ɗaure shi aka yi can, sai ya tsinke igiya ya dawo gida." Aka yi dariya, ni ban yi ba.

Kwatano ba ta yi mani ba, gaskiya. Iska jiƙe take kamar an shanya wanki cikinta, abinci kuma duk kifi da manja. Allah ya saka wa Hajara matata, ta ƙunsa mani garin kuɓewa, daddawa, yaji da ƙuli-ƙuli, da su na rayu. Teku kam na gan shi, na tsaya nesa na yi mashi kallon mutunci, na koma.

Motar da muka samu doguwa ce, fara, bayanta zai ɗauki katifa har mutum biyu su zauna gefe. Ɗanlami ya buɗe gabanta yana ta leƙe-leƙe. Ya ce da dillali, "Ina bel ɗin da ke juya famfon ruwa?" Dillalin ya ce da guntuwar Hausarsa, "Babu bel. Lantarki." Ɗanlami ya gyaɗa kai kamar tare da shi aka ƙera ta. Na ja shi gefe na ce, "Ka gane?" Ya ce da tsokanar taubashi, "Bawana, kai dai riƙe ƙullin daddawarka, ka bar wa manya ƙarfe."

Ni ban san mota ba, amma shekaruna nawa ina zaune gindin injin niƙa, kunnena ya saba rarrabe ƙara. Tun da muka tashi na ji wani ɗan amo ƙarƙashin rurin injin, siriri, kamar zuma guda ta faɗa cikin tulu. Abin mamaki, in an kashe motar ba ya yin shiru nan take, sai ya ƙara ɗan lokaci. Na tambayi Ɗanlami, ya ce rediyo ce. Na ce rediyo a kashe take. Ya ce to aljanin Turawa ne, in yi mashi sallama.

Wajen Dasa, garin duwatsu, muka tsaya sallar azahar. Ina alwala na hangi ruwa na ɗiga ƙarƙashin motar, ɗis, ɗis. Ɗanlami ya durƙusa ya duba, ya miƙe yana karkaɗe gwiwa.

"Lagireto ne ke yoyo, tankin ruwan sanyaya inji. Ina kuɓewar Hajara?"

"Mi za ka yi da ita?"

"Magani. Kai ba ka san komi ba. Duk direban kasuwa ya san wannan, in ba kuɓewa sai ƙwai ko garin taba. Yauƙin nan shi ke bin ruwa ya liƙe hudar. Da shi na kai tsohuwar motata Kano na dawo, ba sau ɗaya ba."

Ban ce ƙarya yake ba, don na sha ganin ana yi a tashar Kankia. Abin da ya dame ni kawai miyata ce. Ina kallo ya jira inji ya huce, ya zazzage rabin ƙullin, ya bi shi da ruwan rijiya. Yoyon kuwa ya tsaya. Ya dube ni ya ce, "Ka ce Allah ya ja zamanin ubangidanka." Na ce, "Allah ya isa kuɓewata."

Mun yi nisa, mun fara hango gidajen Paraku, sai zumar nan tawa ta sake murya. Ta koma kamar mai mura, ta yi tari, ta ɗauke, ta dawo, ta ɗauke gaba ɗaya. Ƙamshi kuma ya cika motar, irin wanda ke tashi a gidanmu gab da magariba.

"Ɗanlami, tsaya."

"Ga gari can, bari mu ida."

"Abin nan ya yi shiru. Dubi allurar zafi."

Ta fara hawa, ta wuce tsakiya. Ya ce ai saura kaɗan. Na kama marfin ƙofa na ce, "Aradu in ba ka tsaya ba, dirowa zan yi, ka je ka gaya wa Hajara da bakinka." Ya taka birki. Daga baya aka shaida mana da mun ƙara ko tazarar gona guda, da injin ya ƙone, da kuma hatsin mutane da maruƙansu sun bi iska.

Da ta huce ya buɗe murfin. Yauƙi ya biyo shi zarara kamar zare. Muka dubi juna. Wani mai motar auduga ya tsaya, ba ya jin Hausa, mu ba mu jin nasa yaren. Ya leƙa, ya sunsuna, ya riƙe ciki yana dariya har da hawaye. Sannan ya ɗauko igiya ya ja mu har cikin gari. Na miƙa mashi abin goro ya ƙi, na ba shi ƙuli-ƙuli ya amsa.

A Paraku aka fara cin mu. Wani bakaniken bakin titi ya ciro famfon, ya ce ya mutu, ya nuna mana wani shago mai gilashi. Mai shagon saurayi ne mai ƙamshin turare, Hausa a bakinsa tamkar ɗan Kano. Ya fito da wani famfo cikin kwali, baƙi, yana sheƙi. Ya taɓa wayoyinsa a batir, ya yi fiii. "Alhaji, sabo fil. Wannan har jikokinka." Ba wanda ya taɓa ce mani Alhaji, na ji daɗi, muka saya. Da aka zo ɗaurawa bakinsa ya yi wa tiyon ƙanƙanta, bakaniken ya naɗa mashi robar tayar babur ya cusa. Ko ni da ba na sana'ar na ji abin bai kwanta mani ba. Ba mu wuce gidajen ƙarshen gari ba allura ta sake miƙewa. Muka lallaɓo muka koma shagon. Ka san mi? Hausar saurayin nan ta gudu. Duk abin da muka ce sai ya buɗe hannu ya yi mana Faransanci.

Na samu gindin mangwaro na zauna. Waya ta yi ƙara, mai gari ne. "Iro, kun kusa?" Na ce, "Ranka ya daɗe, muna hanya." Ban yi ƙarya ba, bakin hanya muke. Sai aka ba Hajara. Ta ce mata sun gaji da kai niƙa Kusada, ta ce akuyata ta haifi biyu, ta ce kuma Dije matar Jauro na rugar gabas watanta ya kama, kuma ungozoma ta ce cikin bai kwanta daidai ba, kullum Jauro sai ya zo ya tambaya ko motar ta iso. Da ta kashe na rufe fuska da hula.

Ina nan zaune, cikin hayaniyar yarukan da ban sani ba, kunnena ya tsinto wata murya can bayan rumfuna: "Kai, mi kake biɗa bisa tukunyata? Ɗauke hannunka, in ba ka ida biyan na jiya ba!" Na miƙe zumbur. Na ce, "Ɗanlami, wannan bakin na gida ne." Na bi muryar kamar mai bin sawun ɓatacciyar tunkiya, na iske wata dattijuwa mai tuwo, da muciya a hannu.

Na yi sallama na ce, "Inna, daga wace ƙasa?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kai fa?"

"Bauranya."

Muciyar ta faɗi. "La ilaha illallahu! Ni ɗiyar Ƙofa ce, nan kusa da ku!"

Sunanta Inna Indo. Wani falken goro ya auro ta tun tana da ƙuruciya, ya rasu, ta zauna da ɗiyanta. Ta zaunar da mu ta yi ta jero tambaya: tsamiyar bakin kasuwa na nan? Wane na raye? Har yanzu ana kai amare da ƙafa? Ta zuba mana tuwon dawa da man shanu, na ci har sai da na sassauta tazuge. Da muka ba ta labarin motar, ta yi dariya har ta zauna ƙasa. "Ku kawo ta nan mana, ga tuwo ya samu miya!" Sannan ta share ido ta ɗaura gyale. "Ku taso. Wanda kuke biɗa Kosi ne. Ba musulmi ba ne, amma ban taɓa jin ya ci haƙƙin kowa ba."

Kosi tsoho ne mai wayarin mota, gajere, da gicciye a wuya. Ya yi zaman Maraɗi yana saurayi, Hausarsa irin ta can ce. Sai ka ɗaga murya yake ji. Ya ciro famfon mai sheƙi ya juya shi a tafin hannu. "Wannan ai ba na sanyaya inji ba ne. Na ɗumama ƙafar Bature ne lokacin sanyi. Ruwan da yake turawa ko shayi ba zai huce da shi ba." Ya buɗe namu na asali ya nuna mana cikinsa: ɗan farfela ƙarami, yauƙi ya dafe ya kama shi tam. "Tsohuwar motarku bel ke juya famfon ƙarfe, ko dutse ka zuba zai niƙe. Wannan lantarki ne, ƙarfinsa na hankali ne, ruwan ma shi ke sanyaya shi." Ya bi tiyo da yatsa har ya kai inda ya fara yoyo. Ashe ɗan ƙarfen da ke matse bakin tiyon ne ya saki. Ya murɗa shi da sukundireba, shi ke nan. Na dubi Ɗanlami, Ɗanlami ya dubi sama.

Wanke cikin lagireto ya ci mana yini. A zuba ruwa, a zubar, a sake. Maƙwabta suka taru suna kallon koren ruwa na malala, wata mata ta kawo ludayi don tsokana.

Washegari Kosi ya tafi kasuwar tsofaffin kaya ya dawo da kwando cike da famfuna, ya zube bisa tabarma kamar mai tallar dankali. Ɗanlami ya yi wuf ya ɗauki mafi girma. "Wannan! Ƙasarmu da zafi, a ba ta babba."

"Na babbar mota ne, mai batir biyu," in ji Kosi. "Taku guda gare ta. Ka sa shi, zai yi ta jan jiki kamar hawainiya."

Ya ware waɗanda bakinsu bai yi daidai da tiyon ba. Ya ware waɗanda kan wayarsu ba ya shiga na motar sai an yanka, ya ce ta nan ne ƙwaƙwalwar mota ke gaya wa famfo ya yi sauri ko ya lafa, in ka yanke ka ƙulla yadda ka ga dama, kamar ka aiki kurma kasuwa ne. Na tambaye shi don mi ba ya taɓa su a batir kamar yadda saurayin can ya yi. Ya ce, "A bushe? Wanda ya gwada maka famfo a bushe, ko bai sani ba ko ba ya son ka sani. Kowane mataccen famfo yana iya fiii in ba ruwa."

Aka rage biyu. Ɗaya tsaf-tsaf, kamar jiya aka ciro shi. Ɗayan kuwa mummuna, duk tsatsa a kusoshi, da busasshen taɓo, da wani zanen jan fenti a gefe. Kosi ya kawo baho cike da ruwa da bokiti biyu, ya haɗa tiyo da batir. Suka ɗan yi jim, har Ɗanlami ya buɗe baki zai ce sun mutu, sai ruwa ya ɓalle. Muka tsaya kamar masu kallon kokawa. Bokitan suka cika kusan tare.

Kosi ya goge hannu. "To, ido ya ida nashi aikin. Saura kunne, ni kuwa nawa guduma ta cinye shi tuntuni. Wa ke ji cikinku?"

"Ga shi nan," in ji Ɗanlami. "Wannan in ana gulmarsa a Kusada yana ji daga Bauranya."

Kosi ya ba ni dogon sukundireba, ya ce in ɗora bakinsa bisa jikin famfo, in manna ƙotar a kunne. Na fara da kyakkyawan. Zumata ce, ta dawo, har na yi murmushi. Amma can ƙasanta akwai wani abu, ƙas, ƙas, ƙas, kamar in mace ta kawo gero ba ta tsince tsakuwa ba. Na koma ga mummunan. Sumul, murya guda, ba gargada.

Na faɗi abin da na ji. Ɗanlami ya ce, "Haba Iro! Gari guda ya tara dukiya, mu koma masu da wannan abin kamar an tono shi a juji? In mai gari ya ce a buɗe gaba ya gani fa?" Ya saurara shi ma, ya ce bai ji komi ba sai yunwa. Na dubi Kosi. Ya ɗaga kafaɗa. "Ni ban ji ba, ba zan yi shaidar abin da ban ji ba. Motarku ce, hanyarku ce. Amma daga Malanbil zuwa Maraɗi, in ya tsaya, ba inda za ku samu wani."

Ni da ko aji huɗu ban ida ba, a ce rai ya rataya bisa kunnena? Na ce a bar su su yi ta aiki har su ɗau ɗumi, don injin niƙa ma sai ya yi zafi yake faɗin gaskiya. Muka sha shayi, muka yi sallah, Inna Indo ta aiko da fura. Na sake ɗora sukundireba. Tsakuwar ta ƙara girma. Na ce, "Bismillahi. A ɗaura mummunan."

Kosi ya ɗaura, ya zuba ruwan kala na gaske na sanyaya inji, ya ce kada mu kuskura mu ƙara mata na rijiya sai dole. Ya bar ta tana aiki yana matsa tiyo har iskar ciki ta fita. Da za mu tafi na ba shi daddawa, ya sunsuna ya ce rabonsa da ita tun Maraɗi. Inna Indo ta raka mu har titi, tana ta saƙon gaisuwa ga mutanen da rabinsu sun riga mu gidan gaskiya. Na amsa duka.

Daga nan tafiya ta zama ta kunne. Kandi, Malanbil, muka hau gadar Kwara, duk kaina a karkace yake wajen inji. Ɗanlami ya ce wuyana zai ƙage haka, Hajara ta ce ba mijinta aka maido mata ba. A Gaya muka faɗa layin masu duba takardu da tsakar rana, rana irin wadda ke sa kare ya manta haushi. Motocin gabanmu da na bayanmu suka buɗe gaba suna huci, direbobi na yawo da jarkoki. Na sa ido bisa allura, na sa kunne bisa zuma. Allura ta tsaya tsakiya kamar an kafe ta da ƙusa. Ɗanlami ya leƙa ta taga yana ce wa mutane, "Sannunku da aiki! Allah ya kawo sauƙi!" Na ce ya yi shiru kafin a jefe mu.

Doso, Ƙonni, sai Maraɗi, inda na ji mai shayi ya yi magana kamar ƙanena. Da muka ƙetare Jibiya na sa aka tsaya na sauka na taka ƙasa da ƙafa ba takalmi.

Bauranya ta fito kaf. Guɗa, kiɗa, tsofaffi na shafa jikin motar suna addu'a. Na kutsa na shiga gida, Hajara ta aje mani ruwan wanke hannu da kwano a rufe. Na ɗaga murfi ke nan sai na ji babur ya yi birki a ƙofa, na ji muryar Jauro tun kafin ya yi sallama. Dije tun safe take fama.

Na mayar da murfin. Aka jefa katifa a baya, muka nufi ruga. Ɗanlamin nan da ya kwaso hanya tun daga wata ƙasa, idonsa jajir, ya ja motar cikin yashi da kwazazzabai kamar yana ɗauke da ƙwai a faifai. Ba tsokana, ba waƙa. Ungozoma da uwar Dije na baya suna riƙe da ita, Jauro na gefena yana ta salati, ni kuwa kunnena ya rabu biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Allura ba ta motsa ba har ƙofar asibitin Kankia.

Muka zauna inuwar darbejiya muna jira. Can sai ga uwar Dije ta fito da gudu, zane na faɗuwa, ta rangaɗa guɗa tsakar asibiti har ma'aikata suka leƙo. Mace aka samu, uwa da ɗiya lafiya. Likita ya ce da an ƙara jinkiri da labarin ya sake. Jauro ya durƙusa ya sa goshi a ƙasa, ya tashi ya rungume ni, ya rungume Ɗanlami, ya je ya rungume motar.

Ban ankara ba sai na ji taro ya haɗu bayana. Na waiwaya, ga Ɗanlami ya buɗe gaban mota, 'yan acaɓa da masu jinya sun kewaye shi, yana nuna masu mummunan famfon da yatsa. "Kun gan shi nan? Cikin kwando guda na zaɓo shi. Kowa na cewa a ɗauki mai kyau, na ce a'a, ku ba ni sukundireba. Na ɗora kunne haka..." Ya hango ni ina kallonsa, ya kashe mani ido, ya ci gaba.

Har yau haka yake ba da labarin a tasha, kuma kullum kwandon ƙara girma yake. Ni dai ban tona shi ba tukuna, don na ga yadda ya riƙe sitiyari ranar, bai bari motar ta yi tsalle ko sau ɗaya ba. To kai da ka ji yadda aka yi tun daga farko, in kai ne ni, za ka tona shi gaban 'yan tasha, ko za ka bar taubashi ya ci kasuwarsa?